Sallamar da Na Yi wa Jami'ar Nesa

"Inna, in mutum ya mutu uwarsa tana makaranta, jiran ta ake yi ko rufe shi ake yi?"

Anas ne ya jefo mini wannan tambaya, yana zaune daram a kan akwatina yana kaɗa ƙafa, ni kuma ina ninke zannuwan da zan tafi da su. Shekararsa shida a lokacin. Iya Tambaya, mahaifiyar mijina, tana bakin ƙofa tana tsintar wake. Sai da ta ajiye faifan.

"Kai, rufe mana baki, mijin banza! Mutuwar mi? Ko kuɗin cefane ba ka taɓa ba ni ba, shi ne zaka tsere ka bar ni da takaba?"

Ya yi dariya, amma idonsa yana kaina. Na san inda ya samo maganar. Sati biyu kafin nan aka rufe ɗan maƙwabtanmu, uwarsa ta tafi kasuwar Mada, ta dawo ta tarar har an watse daga maƙabarta.

Na ce, "Babu wanda zai mutu. Sauka mini daga kan akwati."

Ya sauka. Na juya masa baya na ci gaba da ninki, zane ɗaya sai da na ninke shi sau uku.

Sunana Lantana. Ina koyar da 'yan aji biyar a wata firamare a Bungudu. Mijina Sahabi hatsi yake sayarwa a kasuwar Gusau, kullum da safe ya hau babur ya tafi, sai la'asar sakaliya ya dawo. Anas shi ne ɗanmu na fari, sai ƙanwarsa Wasila. Anas yana da sikila. Mutane sun sha yi mini gori cewa ba ni da kunyar ɗan fari, ina kiran sunansa gatsau, ina duba idonsa a gaban baƙi. Ni kuwa na ga kunya ba za ta gaya mini ranar da farin idonsa ya koma ruwan ɗorawa ba.

A shekarar 1996, shekarar da aka ba mu jiha, na fara karatun digiri na dogon hutu. Tsari ne da aka yi don malamai irina masu takardar NCE: idan an rufe makarantu a watan Yuli sai mu tafi jami'a mu yi sati goma, mu rubuta jarrabawa, mu dawo bakin aiki. Hutu biyar ake yi a gama. Jami'ar da na samu tana da nisa ƙwarai, tafiyar kwana biyu ce daga Gusau, da canjin mota sau uku. A gidanmu "jami'ar nesa" kawai ake ce mata. Wasila nakan goya ta mu tafi tare, don 'yan hutu ba a hana su zuwa da goyo. Anas kuwa jikinsa ba ya ɗaukar wannan hanya. Abin da ya fi damuna shi ne dogon hutu a tsakiyar damina yake faɗowa, lokacin sanyi da sauro, lokacin da ciwonsa ya fi tashi.

Ranar da ya yi mini tambayar nan, tafiya ta uku zan yi. Na tafi.

A sati na shida wani direban babbar mota ya zo har ƙofar ajinmu yana tambayar matar Sahabi mai hatsi. Ya ce an kwantar da yaro a asibiti a Gusau. Na ce yaushe? Ya ƙirga da yatsunsa ya ce yau kwana biyar. Nan take na kama hanya, ban ma san ko na bar Wasila ta sha ruwa a hanyar nan ba. Da na iso na tarar an riga an yi masa ƙarin jini, Sahabi ne ya bayar. Yaron ya koma kamar kara, leɓɓansa sun farfashe. Iya Tambaya tana gefen gado idonta ya kumbura. Ta ce zazzaɓi ta ɗauka, ta yi ta shafa masa ruwan randa don jikin ya huce. Abin da ta sani ta yi, kuma da ƙauna ta yi shi. Amma ruwan sanyi shi ne abu na ƙarshe da ake kai wa jikin mai sikila.

Na kwana huɗu a wurinsa, na koma na rubuta jarrabawa, na kuma ci. Sai dai tun a motar dawowa na ce wa kaina ba zan sake yin nisan da saƙo zai kwana biyar kafin ya same ni ba.

Da ƙaramar sallah muka tafi Tsafe gaida iyayena. A can muka tarar da Kawu Dogo, ƙanin mahaifiyata, ya zo gida hutu. Masinja ne a wata jami'a da ba ta fi awa uku daga Gusau ba. Da ya ji labarin ciwon Anas sai ya tafa hannu.

"Ke Lantana, mi ya kai ki bayan duniya? Mu ma muna da karatun hutun nan. Juma'a ki taho gida, Lahadi ki koma. In yaro ya yi atishawa kafin ya goge hanci kin iso."

Na ce, "Kawu, za su yarda in ɗora daga inda na tsaya? Hutu uku fa na yi, saura biyu."

"Shekara ashirin da biyu ina ɗaukar fayil a ofisoshin nan. Babu ƙofar da ba ta san tafin hannuna ba. Ana yin canji, na sha kai takardun masu canji da hannuna. Ki kwaso naki ki taho."

Ranar na ci tuwo kamar wadda aka sauke wa kaya daga ka.

Na shiga zaure na gaya wa Baba. Mahaifina, Malam Yari, malamin zaure ne, manyan mutane ke zuwa ɗaukar littattafai a wurinsa bayan asuba. Ya saurare ni har na gama, sannan ya rufe littafin da ke gabansa.

"Ban hana ki ba. Kusa da yaron ya fi. Amma ba a tashi daga gaban malami a koma gaban wani a ɓoye. Ki koma wurin waɗanda suka fara ba ki karatu, ki yi masu godiya, ki nemi gafara, su sallame ki da bakinsu. Sannan ki nemi wani wuri. Wanda ya je gaban sabon malami igiyar tsohon tana wuyansa, karatunsa ba ya albarka. Ni da zan bar malamina na farko, kwana uku na yi a ƙasa don sallama kawai."

Ba zan yi ƙarya in ce raina ya ƙi maganar ba. Haka na tashi na ga ana yi a zauren nan. Na sha ganin ɗalibi ya zo da goro ya durƙusa, Baba ya yi masa addu'a ya ce je ka. Ko kaɗan ban kawo cewa jami'a tana da wata hanya daban ba.

Sahabi ne kaɗai ya ɗan ja. Muna cikin bas za mu koma Gusau, Wasila tana barci a cinyata, ya sunkuyo ya ce, "Malama, da kin ce Kawu ya aiko mana da fom, ko wata 'yar takarda mu gani."

"Kawun nawa zan ce wa ya rubuta? Ai sai ya ce na maishe shi maƙaryaci."

"Ni dai ko buhun gero ba na saye sai na zura hannu na ga ƙwaya."

"To Kawu Dogo ba buhun gero ba ne."

Ya yi dariya ya ce, "Gaskiya ne, buhu ya fi shi shiru." Na harare shi, maganar ta mutu a nan.

Da aka yi hutun zango a watan Afrilu na kama hanyar jami'ar nesa, da goron da Baba ya ba ni a ƙunshe cikin ganye, da kwalbar zuma. Shugaban sashenmu dattijo ne mai furfura, ba Bahaushe ba ne amma ya daɗe a arewa, yana jin Hausa. Na durƙusa a ofishinsa na ajiye goro a kan tebur, na yi godiya, na nemi gafara kamar yadda aka umarce ni. Ya yi ta kallona, sannan ya ce in tashi in zauna a kujera.

"Shekara talatin ina koyarwa, ba a taɓa sallamata da goro ba. Na gode. Amma gaya mini, can ɗin sun ba ki gurbi a rubuce?"

"Kawuna yana can, ranka ya daɗe."

"Kawunki ne magatakarda?"

"A'a. Amma ya daɗe a wurin."

Ya cire tabarau ya murza ido. Ya ce shawararsa ita ce in bar sunana yadda yake, in nemi takardar sakamakona kawai in kai masu. In sun karɓe ni a rubuce, sai in dawo a sallame ni. Ya faɗa sau biyu, na biyun da Hausa don kada in ce ban ji ba.

Na ji. Amma na tuna maganar Baba. Na kuma tuna cewa dawowa na nufin wata tafiyar kwana huɗu, zuwa da komowa, Anas a hannun Iya, ga damina ta kusa. Na ga kamar wayo ne in yi komai a tafiya ɗaya. Na ce masa mahaifina ya ce sai an sallame ni tukuna.

Ya mayar da tabaraunsa, ya ce, "To. Allah ya sa ki dace, 'yata."

A ofishin rajista akawu ya miƙo mini takardar barin makaranta da son rai. Na sa hannu a wuri uku. Ya jawo wani babban littafi, ya nemo sunana, ya ɗora rula ya ja layi da jan biro tun daga lambata har ƙarshen shafi. Ina tsaye ina kallo. Abin da na ji a raina a lokacin, wallahi, sauƙi ne. Na ce na yi abin da ya dace.

Kwana uku da dawowata na tafi jami'ar kusa. Kawu Dogo ya tare ni a bakin ƙofa cikin kakinsa, ya karɓi jakata ya shige gaba. Gaskiyarsa, kowa ya san shi. Masu gadi suna ɗaga masa hannu, masu shara suna tsokanarsa, wani malami ma ya tsaya suka gaisa. Yana ta cewa, "Ɗiyata ce, malama ce, wurinmu ta dawo." Har muka isa ofishin da ake karɓar masu canjin makaranta.

Wata Hajiya ce a wurin, mai tabarau a kan hanci. Ta amsa gaisuwarmu da fara'a, ta karɓi takarduna ta yi ta juyawa.

"Sakamakonki yana da kyau, Malama. Wannan kuma fa?"

"Takardar sallama ce."

"Kin riga kin fita daga can?"

"Na fita."

Ta ɗago ta dube ni ta saman tabarau, ta dubi Kawu. Sannan ta jawo wani ɗan littafi mai koren bango daga aljihun tebur, ta buɗe ta juyo mini shi, ta ɗora yatsa a kan wani layi. Ta ce in karanta da kaina.

Na karanta. Na sake karantawa. Mai canjin makaranta ba ya shiga karatun hutu. Ana karɓarsa ne kawai a matsayin ɗalibin cikakken lokaci, wanda zai zauna a makaranta zango huɗu a jere, shekara biyu ke nan, ba tare da tsallake ko ɗaya ba. Zai biya kuɗin makaranta na shekara gaba ɗaya kafin rajista. In ma'aikaci ne sai ya kawo takardar cewa wurin aikinsa sun sake shi.

Na ce, "Hajiya, ai kuna da karatun hutu."

"Muna da shi. Amma ba a shigarsa ta tsakiya, sai daga hutun farko. Kuma bana da baɗi ba za a ɗauki sababbi ba, ɗalibai sun taru mana tun yajin aikin da aka yi."

"To in na zo cikakken lokaci, zan iya zuwa da yarana?"

"Ɗakin kwanan ɗalibai ba a zama da yara. Kuma ana kiran suna a aji. Wanda ya cika fashi ba ya shiga jarrabawa."

Kawu ya matso ya rage murya. "Hajiya, ɗiyata ce hwa. A duba."

"Malam Dogo, ko ɗiyata ce. Ba ni na rubuta ba, ba ni da ikon gogewa." Ta juyo gare ni, muryarta ta yi laushi. "Gurbi akwai, sakamakonki ya ba ki. Zan riƙe miki shi sati biyu. Ki je ki yi shawara da maigidanki. Da kin fara zuwa nan kafin ki je can, da na ce miki ki zauna inda kike."

Muka fito. Kawu bai gaisa da kowa ba a hanyar fita. A gindin wata bishiyar dalbejiya ya tsaya ya cire hula ya riƙe ta da hannu biyu.

"Lantana, wallahi na sha kai takardun masu canji."

"Na sani, Kawu."

"Ni fayil nike ɗauka. Ban taɓa buɗe shi ba."

Na ga idonsa ya kawo ruwa, mutumin da ya goya ni ina ƙarama. Na ce masa babu komai, ya mayar da hularsa rana tana dukansa. Ya raka ni tasha, ya dage sai ya saya mini rake. Har Gusau raken nan yana cinyata ban taɓa shi ba.

Sahabi bai ce "ai na gaya miki" ba. Da ya faɗa ma da na fi jin sauƙi. Ya zauna a kan turmi ya saurare ni, ya ce, "To ki tafi mana. Shekara biyu ce. In kuɗin makaranta ne, a sayar da babur, bas ba ta ƙare a hanyar Gusau ba."

"Yaran fa?"

Iya Tambaya ta amsa daga ɗaki. "Ni mutuwa na yi? Uban nasu wa ya raine shi? Yanzu na gane, ruwan ɗumi, ba na randa ba. Ki tahi ki ɗauko digirinki, ki bar mini mijina."

Washegari na je ofishinmu na malamai a Gusau. Jami'in ya yi mini bayani a natse: za a iya sake ni, amma babu albashi, kuma ajina za a ba wani. In na dawo sai inda aka samu gurbi, ko da ƙauye ne mai nisa da asibiti. Na karɓi fom ɗin neman a sake ni na sa a jaka. Na yi kwana tara ina yawo da shi. Ina koyarwa ina lissafi a raina. Na gudu daga sati goma a shekara, ga shi ana ce mini wata tara. Amma kuma awa uku ce kawai. Amma kuma hutu uku da na riga na yi, da tafiye-tafiyen, da goyon Wasila a ajin da babu fanka, duk sai su tafi a banza? Har na cike rabin fom ɗin da fensir.

Ran kwana na goma aka yi ruwan farko. Ina makaranta, yaran unguwa suka fita tsalle a cikinsa, Anas ya sulale ya bi su. Da na dawo an riga an canza masa riga, yana cin ɗanwake, kowa yana cewa lafiyarsa lau.

Da safe Sahabi ya tayar da babur ya tafi. Iya tana dama koko tana yi wa Anas tsiya, wai ya zama malami yau, ko magana ba ya yi. Na fito da jakata zan wuce, sai na dube shi. Yana zaune a bakin tabarma, hannunsa na dama yana riƙe da wuyan hannun hagu, ba matsewa ba, riƙo kawai, kamar wanda aka ba ajiyar ƙwai. Bai yi kuka ba. Ba ya yin kuka sai abu ya yi nisa.

Na ajiye jakar. "Anas, ina ne?"

"Ba ko'ina."

Na ɗaga fatar idonsa. Na ce, "Iya, a ɗora ruwa."

"Mi ya faru? Yanzu hwa ya sha koko."

"A ɗora dai."

Na ba shi maganinsa, na yi ta ɗura masa ruwa kofi bayan kofi yana ture hannuna, na gasa masa gaɓoɓi da tsumma mai ɗumi, na naɗe shi a bargo. Kafin hantsi mun isa asibiti. Aka sa masa ƙarin ruwa leda biyu, aka ba shi maganin zazzaɓi. Ba a kai ga jini ba. Kwana biyu muka dawo gida yana neman a saya masa alewa a tasha.

Iya Tambaya ta same ni a madafa ranar da muka dawo.

"Ina gabansa, Lantana. Ina kallonsa. Ban gani ba."

"Ba laifinki ba ne, Iya. Ɓoyewa yake yi."

"Ke kin gani daga bakin ƙofa."

Ba ta ƙara cewa in tafi ba. Sahabi ma da ya ga na ciro fom ɗin daga jaka na sa shi a ƙasan akwati, bai tambaye ni ba. Ranar da sati biyun Hajiya ya cika, Talata ce, ina aji ina koya wa yara raba lamba. Na dubi agogo da ƙarfe biyu, lokacin da suke rufe ofis, na ci gaba da rubutu a allo.

Sauran fatana ɗaya ne. Na rubuta wa jami'ar nesa wasiƙa, na ce kuskure na yi, a taimaka a mayar da sunana in ƙarasa hutu biyun da suka rage. Na rubuta ta sau huɗu kafin ta yi mini. Sahabi ya kai gidan waya a Gusau da kansa. Sati shida amsa ta zo. Wanda ya fita da son ransa, in ji su, ba a mayar da shi. In yana so ya sake neman shiga kamar kowa, ya fara daga hutun farko, kuma abin da ya ci a baya ba a ƙirga masa. A ƙasan takardar shugaban sashenmu ya ƙara layi biyu da hannunsa. Ya ce ya je da kansa ya roƙa, ba a yarda ba, kuma yana gaida yaron.

Na ɗauki wasiƙar na tafi Tsafe, don ban so Baba ya ji a bakin wani. Na same shi a zaure shi kaɗai. Na fassara masa ita layi-layi. Ya sa na maimaita wurin da aka ce ba a ƙirga abin da na ci.

"Karatun da ke cikin kanki za su ce babu shi?"

"A takarda babu shi, Baba."

"Don kin yi masu sallama."

"Don na sa hannu."

Mahaifina mutum ne da ban taɓa jin ya janye magana ba. Ya ce, "Ni na aike ki. Na auna masu da mudun zaure, ashe ba shi suke awo da shi ba. Ki yafe mini, Lantana."

Na ce, "Haba Baba," sai kuka ya ƙwace mini. Duk abin nan ban yi kuka ba, ko a gaban Hajiya, ko a asibiti. A zauren nan na yi shi, har mahaifiyata ta leƙo ta koma.

Da Yuli ta zo, Nana Aisha, wata malama daga Wanke da muke tafiya tare tun hutun farko, ta aiko a tambaye ni ranar tashi. Na je tashar Gusau na same ta da littattafaina na hutu na huɗu, waɗanda na riga na saya tun bara. Na ce ta riƙe, kada su lalace a akwati. Ta rungume ni tana cewa wa zai riƙa tashinta in malami ya shigo. Na tsaya har motarsu ta cika ta tashi, sannan na je na sayi gidan sauro sabo na hau bas ɗin Bungudu.

Ina nan a aji biyar. Anas ya shiga aji biyu, daminar nan sau ɗaya kawai muka kwana asibiti. Ban yi nadamar zama kusa da shi ba, ko yau aka sake ba ni zaɓi shi zan ɗauka. Abin da ke cina shi ne babu wanda ya tilasta mini wannan zaɓin sai hannuna. Da na bar sunana a littafin can, da baɗi war haka na gama.

Don haka ke da kike karanta wannan, ko kai, in kana shirin canza makaranta, kada ka sa hannu a takardar fita sai takardar shiga tana hannunka, da hatimi a kanta. Ka je da ƙafarka ofishin da ake karɓa, ka ce a ba ka littafin dokokinsu, ka nemo shafin masu canji ka karanta da idonka: na hutu suke ɗauka ko sai na cikakken lokaci, kuma shekara nawa za su tsare ka. Kada kunyar babba ta hana ka cewa a nuna maka a rubuce, ko da wanda ya goya ka ne. In akawu ya ɗora rula ya ja layin nan, kukanka ba ya goge shi.